Ruwanda: fadamar kan tsauni da ta jawo tsadar wutar lantarki

Duk ɗan kasuwa ya san bambancin riba da uwar kuɗi. Mai cin riba yana nan a rumfarsa baɗi, wanda ya taɓa uwa kuwa kwanansa a kasuwa ƙidayayye ne. Ƙasar noma ma haka take, kuma abin da ya faru a wata fadama ta ƙasar Ruwanda ya isa misali.

Sunan fadamar Rugezi. Tana arewacin Ruwanda, cikin wani dogon kwari tsakanin tsaunuka, a tudun da ya ɗara mita 2,000 bisa teku. Faɗinta ya kai hekta 6,735. Wuri ne mai sanyi da hazo, ƙasarsa jiƙe take rani da damina, in mutum ya taka sai ya ji tana lotsawa kamar katifa.

Me ya sa irin wannan ƙasa ba ta tsanewa?

Ruwan da ya sauka kan tsaunuka gangarowa yake zuwa gindin kwari, mafitarsa kuma ƙarama ce, sai ya kwanta. Inda ruwa ya cika ƙasa iska ba ta shiga, ga kuma sanyi. Waɗannan abubuwa biyu su ke hana ciyawar da ta mutu ruɓewa. Sai ta yi ta taruwa, wata kan wata, har ta zama baƙar ƙasa mai laushi kamar soso. Taruwar a hankali take: wajen milimita guda a shekara, wato kaurin mita ɗaya yana cin shekara dubu. Inda aka haƙa aka tarar da laka a ƙarƙashi, launinta toka-toka ne da ɗigon ja kamar tsatsa, alamar ƙasar da ta daɗe ba ta sha iska ba.

Ga manomi, irin wannan ƙasa wahala ce. Saiwar shuka tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. Dankalin turawa ruɓewa yake a cikinta, masara ta yi ɗorawa ta tsaya. Ƙasar tana da tsami. Da dare kuma iska mai sanyi tana sauka ta taru a gindin kwari, ta ƙone ɗanyen ganye. Shanu ma in sun daɗe a ciki kofatonsu ya lalace, su kwashi tsutsar hanta. Abin da ke jin daɗin wurin shi ne ciyawar ruwa, wadda mata ke yanka suna saƙa tabarmi, da tsuntsaye irin su gauraka.

Amma abin da manomi ke gani aibi, shi ne amfaninta. Randa ce babba: ta sha ruwan damina ta riƙe, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har rani ya wuce. Ruwan Rugezi yana zuba a tabkin Burera, daga nan ya faɗa tabkin Ruhondo. Tsakanin tabkunan biyu akwai tashar wutar lantarki ta Ntaruka, wadda aka gina a 1959, a gaba kuma akwai ta Mukungwa. A farkon shekarun 2000 waɗannan tashoshi biyu ne ke ba da mafi yawan wutar da ake samarwa cikin ƙasar.

Da aka taɓa uwar kuɗi

Ruwanda ƙaramar ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona ta yi kaɗan. Mutane suka sare itatuwan gangaren tsaunuka, suka shiga fadamar suna yanka magudanai don ruwa ya fita su shuka dankali da masara, ana kuma kiwo a ciki. Da fari an samu amfanin gona. Sai dai baƙar ƙasar nan in ta bushe shacewa take, ta ragu, iska ta cinye ta, har wuta tana iya kama ta. Wadda ta bushe sarai kuma ba ta komawa shan ruwa kamar da. Abin da aka yi shekara dubu ana tarawa, sai ya tafi cikin ƴan shekaru.

Aka zo aka yi ƙarancin ruwan sama, ga injunan tashoshin sun tsufa. Randar da za ta ceci ƙasar kuwa an riga an huda ta. Tabkin Burera ya ja baya, a 2004 wuta ta yi ƙaranci ƙwarai. Dole aka koma ga injuna masu shan gazuwal, a ƙasar da ba ta da bakin teku, kowace lita sai an yi doguwar tafiya da ita a mota. Kuɗin wuta ya ninka biyu, kafin 2006 ya kai kusan ninki uku. Mai injin niƙa, da mai sayar da ƙanƙara, da tela, da mai walda sun san ma'anar wannan ba sai an yi musu bayani ba: wanda bai taɓa ganin Rugezi ba shi ma ya biya.

Gyara

A 2005 gwamnati ta kafa dokar kare muhalli, aka hana noma da kiwo cikin fadamar, aka toshe magudanai, aka dasa itatuwa, aka yi wa gonakin gangare matakala don rage zaizaya. A watan Disamba na shekarar aka sa Rugezi cikin jerin Ramsar, wato yarjejeniyar duniya ta kare wurare masu dausayi. Cikin ƴan shekaru ruwa ya dawo, tashar Ntaruka ta koma aiki sosai.

Gyaran bai zo a banza ba. Talakawan da aka fitar daga fadamar ba mugunta ta kai su ba, yunwa ce, kuma su suka fara ɗaukar asara. Hana mutum gona ba tare da an ba shi wata hanyar cin abinci ba, rabin aiki ne.

Saboda haka, duk ranar da kuka ji an ce wani wuri mai danshi yana zaune a banza, a tsane shi a yi noma, ku yi tambayar da kuka saba yi a kasuwa: abin nan da za a ci, riba ce ko uwa?