Awon Kayan Iyo Na Mata: Abin Da Ya Kamata A Duba Kafin A Shiga Ruwa

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Runjin Sambo zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya san cewa birnin Sakkwato, duk da zafin ranarsa da ƙurarsa, gari ne na bakin ruwa. Da zarar an bar gidajen unguwar a baya sai a faɗa fadama, a ƙetare gada a wajen Kwalkwalawa, ana hangen gonakin shinkafa da kwalekwalen masunta. Wannan ruwa ne ya yi ambaliya a watan Satumba na 2010, ya cinye gadar, ya yanke jami'ar daga gari. Mata da 'yan mata da yawa suna bin wannan hanya safe da yamma, amma kaɗan ne daga cikinsu za su iya riƙe kansu a saman ruwa in ta ɓaci.

Jihar Sakkwato kuwa ta sha ganin ranar da ta ɓaci. A watan Afrilu na 2022 mutane 29 suka rasu sa'ad da kwalekwale ya kife da su a ƙaramar hukumar Shagari. A watan Mayu na 2023, a wannan ƙaramar hukuma dai, yara 15 suka nutse a kan hanyarsu ta zuwa ɗebo itacen girki, yawancinsu kuma 'yan mata ne. A watan Agusta na 2025 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 50 masu zuwa cin kasuwar Goronyo ya kife. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a cikin shekarar 2021, kuma a shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 25 ga watan Yuli domin tunatar da jama'a wannan masifa.

Babu mai cewa tufafi ne suka kifar da waɗannan jirage. Lodin da ya wuce kima, da tsufan katako, da rashin rigunan ceto, su ne manyan masu laifi. Haka nan babu macen da za ta sa kayan iyo don za ta kasuwa. Amma iyo abu ne da ake koya tun ana zaune lafiya, kuma a nan ne tufafi suke shigowa cikin maganar. Yaro namiji yakan tuɓe rigarsa ya faɗa gulbi da ɗan wandonsa, ya tashi da iyo ba tare da wani ya koya masa ba. 'Yar'uwarsa kuwa, da ta fara girma sai ruwa ya zama na wanki da ɗiba kawai, domin ba ta da suturar da za ta shiga da ita hankalinta kwance. In ma iyayenta sun amince, kuma an sami wurin iyo a wani otal ko makaranta da mace mai koyarwa, tambayar farko ita ce, me za ta sa?

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne zane da riga da hijabi, su ne kuma mafi haɗari. Mutane da yawa suna zaton jiƙaƙƙen tufa yana jan mutum ƙasa ne saboda nauyinsa, alhali kuwa ruwan da tufa ya sha ba shi da wani nauyi muddin yana cikin ruwa. Illar tana wani wuri dabam. Zane yakan buɗe ya nannaɗe ƙafafu, hijabi mai faɗi yakan taso ya lulluɓe fuska daidai lokacin da ake neman numfashi, kowane motsi kuma sai an ja yadi mai yawa a cikin ruwa, har mutum ya gaji kafin ya yi nisa. Sai an zo fita, ko an zo ɗaga mutum zuwa cikin jirgi, sa'an nan nauyin ya bayyana. Bugu da ƙari, auduga in ta jiƙe takan manne wa jiki ta nuna abin da aka sa ta domin ta rufe.

Matan Hausa ba su kaɗai suka gamu da wannan matsala ba. A birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, wata mata mai suna Aheda Zanetti, haifaffiyar Labanan, ta ga ɗiyar 'yar'uwarta tana fama da gumi a filin wasa cikin doguwar sutura, sai ta zauna ta ƙera kayan wasanni masu rufe jiki. Daga nan ne a shekarar 2004 ta fito da kayan iyon da ta sa wa suna burkini, watau riga mai dogon hannu wadda ta sauko zuwa cinya, da dogon wando, da hula mai rufe kai da wuya. A 2007 aka ɗinka irinsa mai launin ja da rawaya domin 'yan matan Musulmi da suka shiga aikin ceton masu wanka a bakin tekun ƙasar. Surutu bai bar kayan ba, don a 2016 garuruwa kimanin 30 na Faransa sun haramta su a bakin teku, har sai da babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta dakatar da haramcin garin Villeneuve-Loubet ran 26 ga watan Agusta. Yanzu dai manyan kamfanoni irin su Nike ma suna ɗinka su, kuma ana iya yin odarsu ta waya daga ko'ina.

To, a nan ne wata sabuwar wahala take farawa. Mai oda ta waya ba ta da damar gwadawa, lambar da ke wuyan riga kuwa ba ta da amana. Abin da Ingila ta kira lamba 12, Amurka 8 take kiransa, Faransa 40, Jamus 38, Italiya kuwa 44. Kayan da aka ɗinka domin kasuwannin Sin sukan zo ƙanana, har a ga rigar da aka rubuta wa XL ta kasa wuce kafaɗar mace matsakaiciya. Kayan gasa kuma sau da yawa da faɗin ƙirji a inci ake lambarsu, a ga 30 ko 32 ko 34. Saboda haka hanya ɗaya tak ta rage, watau a ɗauko tef irin na tela a auna jiki, a rubuta a takarda, a gwada da jadawalin awon da kamfanin ya bayar. In jadawalin da santimita aka yi shi, sai a tuna inci ɗaya santimita 2.54 ne.

Wurare uku kowace mace ta san su daga wajen tela: ƙirji a inda ya fi cika, ƙugu a inda ya fi siranta, da kwatangwalo a inda ya fi faɗi. Ana aunawa ne a tsaye, a kan rigar ciki marar kauri, ba a ja tef ya nutse cikin fata ba, ba a kuma riƙe numfashi. Awo na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa, shi ne kuma ya fi ɓata saye. Tsawon gangar jiki ke nan. Ana ɗora bakin tef a kafaɗa, a sauko da shi ta gaba, a bi ta tsakanin ƙafafu, a hau ta baya har a komo inda aka fara. Mata biyu suna iya zama ƙirji ɗaya ƙugu ɗaya, amma ɗaya ta fi ɗaya tsawon ganga da inci uku ko huɗu. In kayan masu haɗe ne, doguwar za ta ji igiyar kafaɗa tana yanka ta, gajerar kuwa za ta ga yadi ya taru a cikinta yana kama ruwa. In riga da wando ne dabam dabam, doguwa takan tarar rigar ta tsaya mata a inda ba ta so. Macen da samanta da ƙasanta ba lamba ɗaya suke ba, waɗanda kuwa su ne suka fi yawa, gara ta nemi inda ake sayar da riga dabam wando dabam.

Akwai wani kuskure da kunya take jawowa. Mace takan ce a ba ta wanda ya fi ta da lamba ɗaya ko biyu, don kada ya kama ta. A kan ƙasa wannan dabara ce mai kyau, a cikin ruwa kuwa akasin haka take haifarwa. Yadin iyo yakan saki kaɗan in ya jiƙe, kuma yana ƙara saki da yawan amfani. Riga mai yalwa iska takan shige ta ta kumbura, ta taso har hamata, wando marar zariya kuma yakan zame da an yi tsalle ɗaya. Don haka ne masu ɗinkin kirki suke sa maɓalli ko 'yar igiya a ciki wadda za ta ɗaure rigar da wandon. Wanda ya kama da yawa shi ma yana da tasa illar, domin mai koyon iyo numfashi ne jarinta, rigar da ta matse haƙarƙari kuwa tana rage shi. Daidai shi ne wando da rigar ciki su kwanta a jiki ba tare da sun bar shaida a fata ba, ta sama kuma ta ɗan saki daga ƙirji zuwa cinya. Kafin a cire takardar kanti, sai a sa kayan a ɗaki, a ɗaga hannu biyu sama, a juya su kamar ana iyo, a tsuguna, a sunkuya, a ja dogon numfashi. In yatsa biyu suna shiga ƙarƙashin igiyar kafaɗa, wuyan riga bai buɗe ba, cibiya ba ta fito ba, to an dace.

Yadin kansa yana da magana. Yawancin kayan iyo nailan ne kashi 80 cikin ɗari da zaren roba kashi 20, wannan zare kuwa shi ne Lycra, wanda Joseph Shivers ya ƙirƙiro a kamfanin DuPont na Amurka a 1958. Yana da laushi, amma sinadarin kulorin da ake zuba wa wuraren iyo yana cin sa, zafin rana ma haka, ranar Sakkwato kuwa ba sai an gaya wa kowa ba. Foliyesta ya fi jimiri, ko da yake bai kai shi miƙewa ba. Mai sayen gwanjo sai ta ja yadin kusa da kunnenta. In ta ji yana ƙara kamar busasshen ganye, ko ya ƙi komawa yadda yake, ko ta ɗaga shi ga haske ta hango yatsunta, robar ta mutu, ko kyauta aka ba ta ya yi tsada. Bayan an fito daga ruwa a ɗauraye da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, kada guga ta taɓa shi. Launi ma ba ado kaɗai ba ne. Baƙi da shuɗi su ne zaɓin yawancin mata, amma ruwan lemo da rawaya mai haske sun fi saurin ganuwa ga mai ceto, musamman a jikin yarinya ƙarama.

Telolin unguwa za su iya wannan aiki in sun sami yadin, sai dai su ajiye abin da suka saba. A ɗinkin atamfa ana ƙara inci a kan awo domin sakewa, a yadi mai miƙewa kuwa ragewa ake yi, a yanka kayan ciki ƙasa da awon jiki da kimanin kashi ɗaya cikin goma. Miƙaƙƙen ɗinki yakan tsinke da an ja shi, sai an yi mai zigizag, da allura mai dakusasshen baki wadda ba ta yanke zare. Hantsar wando tana bukatar ƙarin ƙyalle domin ƙafa ta buɗe sosai.

Saura kai. Hular iyo ta roba da aka saba sayarwa an yi ta ne domin gashi mai kwanciya, ba ta ɗaukar kitso mai ƙari, takan zame ko ta matse goshi har ciwon kai ya taso. Wani kamfanin Ingila mai suna Soul Cap ya yi manyan huluna domin irin gashin baƙar fata, amma a 2021 hukumar wasan iyo ta duniya ta ƙi yarda a sa su a gasar Olamfik ta Tokiyo, abin da ya jawo mata suka mai yawa, har ta janye ta amince da su a watan Satumba na 2022. Mai shirin koyo za ta sauƙaƙa wa kanta in ta yi kitso ƙanana masu kwanciya, ta auna kewayen kanta da kitson a kai. Hular da ke rufe wuya kuwa dole ta kama gefen fuska, ta bar baki da haɓa a sake.

Akwai riga ɗaya da ta shafi har macen da ba za ta taɓa zuwa wurin iyo ba, watau rigar ceto da ake sawa a jirgi. Ita ma tana da awo, na manya da faɗin ƙirji, na yara da nauyin jiki. A kan hijabi ake sa ta, a tura gefen hijabin ciki, a ɗaure kowace igiya tun daga ta ƙasa. Daga nan sai wata ta kama kafaɗun rigar ta ja sama. In ta taso ta kai kunne ko ta rufe haɓa, ta yi yawa, kuma haka za ta taso a cikin ruwa ta bar mai ita a ƙasa. Rigar babba ba ta yi wa yarinya, ko da an ja igiyoyin har ƙarshensu.