Wasan Gem a Ma'aunin Masu Sharhi da na Mutanen Birnin Kudu da Gwaram

Wasan bidiyo, wanda yara da samari suka fi sani da gem, wasa ne da ake yi a fuskar talabijin ko kwamfuta ko waya, mai wasa yana juya abin da yake gani da hannunsa. A nan ya sha bamban da fim. Mai kallon fim zama yake yi ya karɓi abin da aka dafa masa, shi kuwa mai buga gem da ya cire hannu komai ya tsaya cak. Wannan ne ya sa masu sharhi a kan wasannin ba sa tsayawa ga kyan hoto kaɗai. Sukan duba yadda wasan yake bin hannu, da ko ƙwarewa ce ke kawo nasara a cikinsa ko sa'a, da irin labarin da yake ɗauke da shi, da kuma abin da yake ci na lokaci da kuɗi.

Sana'ar ƙera gem ta kafu ne a Amurka da Japan. Kamfanin Atari ya fitar da Pong a 1972, Nintendo ya fitar da Super Mario Bros a 1985, Sony kuma ya kawo PlayStation a 1994. A kudancin Jigawa abin ya shigo ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce gidan gem: shago ko rumfar kwano mai talabijin biyu ko uku, da benci, da ƙaramin janareto a waje saboda wutar lantarki ba ta da tabbas. Irin wannan ya fi karɓuwa a gari kamar Birnin Kudu, da ke kan babban titin Kano zuwa Maiduguri, mai ɗalibai da ma'aikata da matafiya. Ƙofa ta biyu ita ce waya. Bayan zuwan layukan salula Najeriya a 2001, wasan maciji na Nokia ya zama gem na farko ga mutane da dama, sannan wayoyin Android suka kai wasannin har Sara da Basirka da Kila da Fagam a ƙasar Gwaram, inda wanda ba shi da sola yake kai wayarsa wurin mai caji.

Wasan ƙwallon ƙafa shi ne sarki a gidajen gem, kuma a kansa aka fi yin musu. Shekaru da dama wasanni biyu ne suke gogayya: na kamfanin Konami na Japan, wanda aka sani da Winning Eleven ko PES, da kuma FIFA na kamfanin EA na Amurka. Masu sharhi sun daɗe suna yabon PES da cewa ƙwallonsa tana da nauyi irin na gaske, kuma sai an gina wasa daga baya kafin a ci. Aibinsa shi ne rashin lasisin sunaye, har ya zama a da Manchester United ana ce mata Man Red, Chelsea kuma London FC. FIFA ya mallaki sunaye da riguna da filaye, amma an yi ta sukarsa da cewa kowace shekara wasan bara ne ake sake wa riga a sayar da sabon farashi. A 2021 Konami ya sauya sunan wasansa zuwa eFootball ya sake shi kyauta, sai ya fito cike da kurakurai, fuskokin 'yan wasa a karkace, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. EA kuwa ya raba gari da hukumar FIFA, wasansa ya koma EA Sports FC daga 2023.

A cikin rumfar gem ba a damu da yawancin wannan ba. Ƙa'idar a fili take: wanda aka ci ya miƙa hannun sarrafa wasan ga na gaba, a wasu wuraren kuma shi zai biya. Kafin a take wasa sai an yi gardamar wa zai ɗauki Real Madrid wa zai ɗauki Barcelona, kuma wanda ya sha uku da nema ba ya rasa hujja, yawanci cewa yake maɓallin hannun da aka ba shi ya saki, alhali hannun da aka naɗe da salatif shi ne abokinsa ya ci da shi ɗazu. Wannan zama na kafaɗa da kafaɗa, da tsokana da dariya, yana daga cikin alherin wasan da mai sharhi a Landan ba ya cika lissafawa, domin shi ya saba da mai wasa shi kaɗai a ɗaki.

Akwai ma'aunin da ya fi wannan muhimmanci wanda sharhin ƙasashen waje ba ya taɓowa. Mai rubutu a Turai ko Amurka ya ɗauka akwai wuta dare da rana da intanet mai gudu. Saurayi a Gwaram tambayoyinsa daban ne: wasan yana yi ba tare da data ba? Wane gurbi zai ci a waya? Caji zai kai yamma? Manyan wasannin zamani sukan buƙaci a sauke gyare-gyare masu nauyin gigabait da yawa kafin su buɗe, abin da ya isa ya cinye datar wata guda. Shi ya sa Free Fire na kamfanin Garena, wanda ya fito a 2017, ya samu shiga a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, don yana gudu a waya mai araha, haka ma Dream League Soccer da ake iya bugawa ko babu sabis. Shi ya sa kuma PlayStation 2, wadda ta fito tun 2000 kuma aka sayar da fiye da miliyan 150, ta daɗe tana aiki a shagunan Arewa bayan an daina yayinta a inda aka ƙera ta.

Ta fuskar amfani, akwai abin da bincike ya tabbatar. A 2003 masana biyu na Jami'ar Rochester, Shawn Green da Daphne Bavelier, sun wallafa a mujallar Nature cewa masu buga wasanni masu sauri sun fi saurin lura da abubuwa da dama a lokaci guda. Amfanin yana nan, sai dai taƙaitacce ne: saurin ido bai zama ƙwarewa a lissafi ba. Wani amfanin na kusa shi ne sabo da na'ura. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma ɗalibin da ya saba karanta umarni a allo yana danna maɓalli ba ya rawar hannu kamar wanda ranar ce farkon haɗuwarsa da kwamfuta.

An kuma yi doguwar muhawara a kan ko gem fasaha ce kamar fim da adabi. Roger Ebert, fitaccen mai sharhin fina-finai na Amurka, ya dage a 2010 cewa ba za ta taɓa zama haka ba. Bayan shekara biyu gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya shigar da wasanni 14 cikin taskarsa, har da Tetris da Pac-Man. Ga Bahaushe tambayar da ta fi daɗi ita ce yadda ake nuna shi a ciki. Da daɗewa Afirka a gem fagen yaƙi ce ko annoba, kuma an soki Resident Evil 5 na 2009 a kan haka. Amma a 2021 wasan Age of Empires III ya ƙara Hausawa cikin al'ummomin da ake iya zaɓa, da mahayan lifidi da maharba Fulani, Sarauniya Amina tana jagora, sannan Amina ta sake fitowa a Civilization VII a 2025. Abin yabo ne, ko da yake tarihin da aka cakuɗa don daɗin wasa ba ya maye gurbin littafi.

Aibin da iyaye da malamai suka fi ambata shi ne zubar da jini da rashin kunya. Tsohon ƙorafi ne. Mortal Kombat ya kai ga zaman sauraron bahasi a majalisar dattawan Amurka a 1993, abin da ya haifar da tsarin sanya wa wasanni alamar shekaru a 1994. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar hujja da ke ɗaure wasanni masu faɗa da aikata ta'asa a zahiri. Wannan bai wanke GTA ba, wasan da aka yi wa alamar shekara 18, mai sata da kisa da gidajen banza, wanda yaro ɗan firamare yake iya zama ya buga a shago ba wanda ya tambayi shekarunsa. Haka batun addini. A 2008 Sony ya jinkirta LittleBigPlanet saboda wata waƙar Toumani Diabaté na Mali da ke ɗauke da ayoyin Alƙur'ani, a 2020 masu PUBG Mobile suka cire wani sashe mai kama da bautar gunki bayan koken Musulmi, a 2021 kuma masu Call of Duty suka nemi gafara a kan shafukan Alƙur'ani da aka nuna a ƙasa. Kowanne an gyara shi ne bayan an yi magana.

Aibin da ya fi girma, kuma aka fi yin shiru a kansa, yana cikin ginin wasannin da ake cewa kyauta ne. Kamfanin da bai karɓi kuɗi a ƙofa ba zai karɓa a ciki. Ana ba mai wasa tukuici idan ya leƙo kowace rana, ana nuna masa kayan da wa'adinsu zai ƙare cikin sa'o'i, ana sayar masa da akwati rufe wanda bai san abin da ke ciki ba sai ya biya. Wannan na ƙarshe ne hukumomin Beljiyam suka ayyana a matsayin caca a 2018. Darar da dattawa ke yi a gindin bishiya tana da ƙarshe, idan an cinye 'ya'ya kowa ya kakkaɓe riga ya tashi, amma waɗannan an tsara su ne don kada a ga ƙarshensu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da cewa jarabar gem cuta ce, da sharaɗin mutum ya kasa kame kansa, ya fifita wasan a kan al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, yawanci har tsawon wata 12. Ƙalilan ne cikin masu wasa suke kaiwa nan. Duk da haka ƙasar Sin ta ƙayyade wa yara sa'o'i uku kacal a mako na buga gem ta intanet tun 2021.

A Birnin Kudu da Gwaram alamomin ba su da wuyar ganewa: yaron da ke gyangyaɗi a aji, ko ya riƙa tsallake Islamiyya, ko a neme shi gona da damina a rasa, ko canjin cefane ya riƙa ƙarewa a data. Ya kamata kuma a raba gem da ƙwallon kwamfuta da ake zuba wa kuɗi a shagunan caca. Wannan ba ta da maɓallin sarrafawa, na'ura ce ke fitar da sakamako, kuma ƙwarewar mai zubawa ba ta ƙara masa komai.

Hukuncin da ya dace shi ne na wasa ɗaya bayan ɗaya, domin ƙwallon da abokai biyu suka buga na minti goma da wasan da ke neman kuɗi kowane dare ba abu guda ba ne. Alamar shekaru tana nan a jikin kwalin kowane wasa da kuma shafin da ake sauke shi, daga 3 zuwa 18, kuma wayoyin Android suna da tsarin Family Link, wanda uba ko yaya zai iya amfani da shi ya ƙayyade sa'o'in wasa, ya kuma hana sayen komai sai da izininsa.