Ƙwayar da Babu Magani a Cikinta: Yadda Take Sauƙaƙa Ciwon Rikicewar Hanji

Ciwon rikicewar hanji, wanda likitoci ke kira IBS, yana cikin cututtukan da ke wahalar da majinyaci ba tare da gwaji ya nuna rauni ko ƙwayar cuta ba. Mai fama da shi yakan sha murɗawar ciki da kumburi, wani lokaci gudawa, wani lokaci kuma bayan gida ya ƙi fita. Masana na danganta shi da tangarɗar saƙonni tsakanin ƙwaƙwalwa da hanji, inda hanjin ke jin zafin abin da bai kai ya kawo ba.

Wannan ne ya sa cutar ta zama fagen nazarin filasibo, wato ƙwaya ko allurar da ba ta ɗauke da sinadarin magani, amma majinyaci ya ji sauƙi bayan an ba shi.

A shekarar 2008, Farfesa Ted Kaptchuk na Jami'ar Harvard a Amurka da abokan aikinsa sun raba majinyata 262 gida uku. Rukunin farko ba a yi musu komai ba. Na biyu aka yi musu tsirar allurai irin ta Sinawa, amma ta bogi, allurar ba ta huda fata, mai yin aikin kuma ba ya sakin jiki da su. Na uku sun sami irin wannan allura, sai dai a zaman farko an shafe kusan minti 45 ana sauraron kokensu cikin tausasawa. Bayan mako uku, kashi 28 cikin ɗari na rukunin farko suka ce sun sami sauƙi mai gamsarwa, kashi 44 a na biyu, kashi 62 a na uku. Allura iri ɗaya ce. Kunnen da aka ba majinyaci ne ya bambanta.

Abin da ya fi ɗaure kai ya zo a 2010. An daɗe ana ɗauka cewa filasibo ba ya aiki sai an ɓoye wa majinyaci gaskiya, abin da ɗa'ar aikin likita ke ƙyama. A wannan karon, cikin majinyata 80, an faɗa wa waɗanda aka bai wa ƙwayar ƙarara cewa babu magani a cikinta. Duk da haka kashi 59 cikin ɗarinsu sun ce sun ji sauƙi, yayin da kashi 35 ne kawai suka faɗi haka a cikin waɗanda ba a bai wa komai ba.

Sai dai a yi hattara da waɗannan alƙaluma. Majinyatan kaɗan ne, lokacin gajere ne, kuma ma'aunin shi ne abin da mutum ya faɗa da bakinsa. Ciwon ma da kansa yakan tashi ya lafa, shi ya sa har waɗanda ba a taɓa ba suka ga canji.

Filasibo yana rage raɗaɗi, amma ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya warkar da gyambon ciki ko sankarar hanji. Jini a bayan gida, rama ba dalili, ƙarancin jini, zazzaɓi, ko gudawar da ke tayar da mutum daga barci, duk ba alamun IBS ba ne, kuma suna buƙatar binciken likita ba tare da jinkiri ba.