Dashen Kayan Ciki: Ina Muka Kwana?

A watan Nuwamba 1987, likitocin birnin Pittsburgh na Amurka, a ƙarƙashin Dokta Thomas Starzl, suka dasa wa wata yarinya 'yar shekara 3 hanta, da ƙananan hanji, da gaɓar da ke daidaita sukari a jini, da wani sashe na tumbi da babban hanji, duk a aiki guda. Ta rayu wata shida.

Me ya sa aikin ke da wuya haka? Jikin ɗan Adam ba ya son baƙo. Da ya ji gaɓar wani a cikinsa sai ya tasam mata, hanji kuwa shi ya fi tsokano wannan faɗa. Dole majinyaci ya sha maganin rage ƙarfin garkuwar jiki muddin ransa, maganin kuma yakan buɗe wa ƙwayoyin cuta da sankara ƙofa. Fitowar maganin tacrolimus wajen 1990 ta kawo sauƙi, har ana samun masu shekaru da dama bayan aikin suna cin abinci da bakinsu. Sai dai irin waɗannan gaɓoɓi daga jikin wanda ya riga ya rasu ake ɗebo su.

To, mu fa? Abin da hannunmu ya kai gare shi a nan Arewa shi ne dashen ƙoda daga mai rai, galibi ɗan'uwa. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara a 2002, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ya bi sahu a 2025. Ga manomin Dakko, ko na Bakura, Maradun da Talatar Mafara, Sakkwato ba ta da nisa, amma kuɗin aikin da na maganin kowane wata sun fi ƙarfin rumbunsa.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu kiyaye abin da Allah ya ba mu. Mu riƙa auna hawan jini da sukari. Mu yi gwajin ciwon hanta, mu kai jarirai rigakafinsa. Yaron da ke wanka a magudanan ruwan Bakolori, in an ga jini a fitsarinsa, tsargiya ce ake zargi; a kai shi asibiti. Mu rage jiƙe-jiƙe da shan maganin ciwon jiki barkatai.

In kuwa ɗan'uwa ya bukaci ƙoda, mu sani mai lafiya yana rayuwa da guda ɗaya. Kyauta ake yi; dokar lafiya ta 2014 ta hana ciniki.