Yadda Ake Zaɓen Abinci Marar Gulutin a Manyan Kantuna

Ana jawo hankalin jama'a, musamman magidanta da iyaye mata, ga wani sinadari da ake kira gulutin. Shi ne danƙon nan da ke sa kwaɓin fulawa ya yi yauƙi, burodi kuma ya tashi. Ana samunsa a cikin alkama da sha'ir da wani hatsi na ƙasashen Turai mai suna rai.

Ga yawancin mutane gulutin ba ya da wata illa. Amma akwai masu cutar da likitoci ke kira siliyak, wadda aka ƙiyasta tana kama kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya. Idan mai ita ya ci gulutin, garkuwar jikinsa takan far wa bangon ƙaramin hanjinsa, har ya kasa tsotse amfanin abinci. Daga nan sai yawan zawo da kumburin ciki da rama da ƙarancin jini, yaro kuma ya ƙi girma. Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya bayyana alhakin alkama a wannan cuta a shekarar 1950. Maganinta shi ne ƙaurace wa gulutin har tsawon rai.

Abincin da babu haɗari

Ƙasarmu ta yi dace, domin yawancin cimarmu ta gargajiya ba ta da gulutin. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, dankali, wake da gyaɗa duk lafiya lau ne. Haka nan nama, kifi, ƙwai, nono, ganyaye da 'ya'yan itatuwa, muddin ba a haɗa su da wani abu ba. Saboda haka mai sayayya ya fara da waɗannan kafin ya nufi sashen kayan gwangwani da na kwali.

Abincin da za a guje wa

Burodi, biskit, kek, taliya, makaroni, kuskus da Semovita duk daga alkama ake yin su. Haka gurasa, alkaki, fanke da cincin. Burodin da aka sa wa garin rogo ma bai kuɓuta ba, domin mafi yawansa fulawa ce.

Karanta takardar jikin kaya

A nan ne ake bukatar natsuwa, domin alkama takan ɓuya a inda ba a zato, kamar wasu dunƙulen ɗanɗanon miya, garin kunun jarirai da lemon malt. Wajibi ne a karanta jerin kayan haɗi. Idan aka ga kalmar "wheat" ko "barley" ko "rye", sai a mayar da kayan. Kalmar "malt" galibi sha'ir take nufi, sai fa in an bayyana cewa na dawa ne.

Bisa ƙa'idar hukumar Codex ta duniya, ba a rubuta "gluten free" sai gulutin da ke cikin kayan bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Wasu kayan na waje suna ɗauke da hoton zangarniya da aka ratsa da layi. A kuma duba lambar rajistar NAFDAC da ranar da kayan za su lalace. Wanda bai iya karatun Turanci ba ya nemi taimakon ma'aikacin kanti.

A lura

Garin da ake aunawa a buɗe yana iya gauraya da fulawa ta hanyar mudu ko injin niƙa, don haka wanda aka rufe daga masana'anta ya fi aminci. Wanda kuma yake zargin yana da cutar, kada ya daina cin alkama kafin ya je asibiti, domin yin haka yana ɓoye ta daga gwajin jini. Likita ne zai tabbatar, sannan a tsara abinci.