Kwafin Halitta: Daga Tunkiya Dolly Zuwa Gonar Rogo

A watan Fabrairun 1997 ne masana a Cibiyar Roslin ta ƙasar Sikotilan suka bayyana Dolly, tunkiyar da aka haifa ba tare da barbarar rago ba. Sun ɗauko ƙwayar gado daga hantsar wata tunkiya, suka dasa cikin ƙwan da aka cire wa tasa. Cikin gwaji 277, ɗaya kaɗai ya kai ga haihuwa.

Wannan shi ne kwafin halitta, wato samar da ɗa mai gadon mahaifi guda. Manomin rogo ya daɗe yana yin haka, domin kara yake dasawa. Ribar ita ce tabbacin ingancin amfani. Haɗarin kuwa, cutar da ta kayar da tushe ɗaya tana iya cinye gonar da jarin baki ɗaya.