Ɗanka ya ci bak, yana son karatun hulɗar ƙasashe: me za ka ce masa?



Kowace shekara da damina ake faɗin waɗanda suka ci jarrabawar bak. Yaro ya ci, a yi guɗa a gida. Bayan kwana biyu sai ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya ce shi karatun hulɗa tsakanin ƙasashe yake so. Uba ya yi shiru. Ya san aikin likita, ya san na malamin gona, ya san na mushen lakkwal. Amma wannan kuma mene ne? Kuma a ƙarshe yaron zai samu abin sawa a baka?

Karatun ya shafe mu, ko da muna ƙauye. Kun tuna a watan Agusta na 2019 da Najeriya ta rufe iyakarta? Sai a Disamba na 2020 aka buɗe. Mai wake da mai albasa da mai dabbobi duk sun ji a jikinsu. Idan irin wannan ta faru, akwai mutanen da ake aikawa su zauna da na waccan ƙasa su yi shawara. Haka kuma da gardama ta tashi tsakanin Nijar da Binin a kan tsibirin Lete. Ba a yi yaƙi ba. An kai ƙara kotun duniya da ke ƙasar Holanda. A 2005 kotun ta ce Lete na Nijar ne. Masu ilimin doka da tarihi ne suka tara takardu suka tsaya mana. To, irin wannan aiki ake koya: dokar da ke tsakanin ƙasashe, tarihi, tattalin arziki, da harsunan waje.

A ina ake yin sa?

Ba dole ba ne yaro ya bar ƙasa tun shekarar farko. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wadda aka soma a 1971, tana koyar da doka da ilimin siyasa da tattalin arziki. Jami'ar Tawa ma tana koyar da doka da tattalin arziki. Ta Damagaram ta fi ƙarfi wajen adabi da ilimin zaman jama'a. Ta Maraɗi kuwa ta kimiyya ce da noma da likitanci, don haka mai wannan buri ba can zai nufa ba.

Karatun hawa-hawa ne. Shekara 3 a samu lisansi. A ƙara 2 a samu mastar. Yawanci a hawa na biyu ne yaro ke keɓewa ga hulɗar ƙasashe. Akwai sananniyar makaranta ta wannan fanni a Yawunde, ƙasar Kamaru, ana ce mata IRIC. An kafa ta a 1971, kuma sai an ci kwankur ake shiga. A Najeriya, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da shi tun hawan farko, shekara 4, amma da Ingilishi ake karatun.

A ganinmu, ɗan talaka gara ya soma da doka ko tattalin arziki a gida. Dalili kuwa: idan ƙofar jakadanci ba ta buɗe ba, mai takardar doka yana da wasu ƙofofi. Zai iya neman aikin shari'a, ko na duwan, ko na banki, ko na ofishin gwamnati. Wanda bai san komi ba sai hulɗar ƙasashe, ƙofarsa ƙarama ce.

Yanzu ga maganar da yara ba su son ji. Takarda ba ta ba da aiki da kanta. Ma'aikatar harkokin waje ɗaya ce a ƙasa. Ofisoshin jakadancinmu ba su da yawa, kuma ba kowace shekara ake ɗaukar sababbin ma'aikata ba. Idan za a ɗauka, sai an yi kwankur, masu nema kuwa sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Wanda ya shiga ma ba jakada zai zama nan da nan ba. Zai daɗe yana rubuta wasiƙu da rahoto a ofis kafin a aika shi waje. Jakada kuma shugaban ƙasa ne ke naɗa shi.

Akwai dai wasu wuraren aiki. Hukumar kogin Kwara mazauninta Yamai. Haka ma hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971. Akwai hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji. Waɗannan duk abu ɗaya suke fara tambaya: harshe nawa kake ji? Faransanci kaɗai bai isa ba. A ƙara Ingilishi, in da hali a ƙara Larabci. Yaron da ya yi makarantar allo da ta Larabci kada ya rena abin da ke hannunsa. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi ce ta gina Jami'ar Musulunci ta Sayi, kuma ɗan Nijar, Hamid Algabid, ya riƙe ƙungiyar daga 1989 zuwa 1996. Shi ma doka ya karanta. Ide Umaru, wanda ya riƙe ƙungiyar haɗa kan Afirka daga 1985 zuwa 1989, da aikin jarida ya fara.

Kada kuma a ce wannan na maza ne. A'ishatu Mindawdu doka ta karanta. Ta yi shekaru tana ministar harkokin waje, daga baya ta shugabanci aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Kodibuwar daga 2013 zuwa 2017.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi damun uba. Makarantu masu zaman kansu sun yi yawa, a nan gida da ƙasashen maƙwabta. Wasu na kirki ne, wasu kuwa allon ƙofa ne kawai mai kyau. Mun sha ganin an sayar da sa, an jinginar da gona, yaro ya dawo da takardar da gwamnati ba ta yarda da ita ba. Kafin ka fid da ko dala, ka sa yaron ya je ma'aikatar ilimi mai zurfi ya tambaya ko an san makarantar. Ya tambaya kuma ko hukumar CAMES, mai mazauni a Wagadugu, ta amince da takardarta. Ita ce ke duba darajar takardun jami'o'i a ƙasashe masu aiki da Faransanci. Maganar burs kuwa, hukumar ANAB ce ke riƙe da ita a Yamai. Ya je da kansa da takardunsa, kada ya bi ta hannun dillali.

Ka zaunar da shi ka tambaye shi shekara nawa karatun zai ci, wa zai ciyar da shi, a gidan wa zai sauka. Ka ce ya nemo mutum biyu da suka gama wannan makaranta, ya ji aikin da suke yi yau. In ya kawo takardun makarantar da Faransanci, ku kai wa malamin cibiyarku ya fassara maka su a gaban yaron.